Asalin Sunan Kwinin

Duk wanda ya taɓa shan kwinin ba ya manta ɗacinsa. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, kinin ake ce masa. Amma kaɗan ne suka san inda sunan ya samo asali.

Daga ɓawon wani itace ake samun maganin. Itacen yana tsiro a duwatsun Andis na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya. A harshen Kecuwa na mutanen wurin, "kina" shi ne ɓawon itace, kuma daga bakinsu Sifaniyawa suka ari kalmar. Wajen shekarun 1630 limaman Katolika na ƙungiyar Jesuit suka soma kai garin ɓawon birnin Roma, inda zazzaɓi ke kashe mutane kowace shekara, har aka riƙa ce masa garin Jesuit.

Itacen kansa wani suna dabam ya samu. An baza labari cewa matar gwamnan Peru, mai sarautar Chinchón, ta warke da shi. Saboda haka a 1742 Linnaeus, masanin itatuwa na Suwidin, ya raɗa masa suna Cinchona, ya kuma tsallake harafi ɗaya. A 1941 aka nuna cewa littafin da magatakardan gwamnan yake rubutawa kullum bai ambaci wannan ciwo nata ba ko kaɗan.

A 1820, a birnin Faris, waɗansu masu haɗa magani biyu, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin daga ɓawon. Suka koma kan "kina", suka ƙara masa gaɓa, ya zama kinin.

Maganin ya taɓa tarihin ƙasashenmu. A 1841 jiragen Ingila suka hau kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40. A 1854 Likita Baikie ya hau Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Samuel Ajayi Crowther yana cikin tafiyoyin biyu.

Klorokwin, wanda aka haɗa a Jamus a 1934, shi ma ya gaji sunan a ƙarshensa. Yau ƙwayar cutar ta bijire masa a yawancin Afirka, an koma ga magungunan atemisinin.

Sunan matar gwamna ya tsaya a littattafan masana. Kalmar talakawan duwatsu kuwa ta ƙetare teku, ta shiga bakin Bahaushe.