Halifa

hàlīfā̀ *sn., nj.* (*jam.* hàlī̀fai, halīfōfī) [< Lar.]

1. Magajin Annabi (SAW) a shugabancin al'umma. *Halifofi shiryayyu:* Abubakar (632–634), Umar (634–644), Usman (644–656), Aliyu (656–661). *Mis.* ~ Umar ya kafa diwani; ~ Usman ya haɗa Musulmi kan Mus'hafi guda.

2. Shugaban daular Musulunci, sarkin Musulmi. *Mis.* Muhammadu Bello ya zama ~n Shehu Usmanu a Sakkwato, 1817.

3. Magajin shehin ɗariƙa ko wakilinsa. *Mis.* muridan Gaya da Ajingi sun kai wa ~ ziyara.

4. Laƙabin yaron da ya ci sunan mahaifinsa ko kakansa.

halīfancī̀ *sn., nj.* muƙamin ~ ko zamanin mulkinsa: *halifancin Umar*.

*Duba:* magaji, imami, mubaya'a.