TARIHIN WUƘAR MAHARBI DA MAƘERAN DA KE ƘERA TA

Muna so mu ajiye cikin wannan ɗan littafi labarin wani ƙaramin abu da ya girmi ofisoshinmu duka, watau wuƙar maharbi.

Masu labarin Daura sun ce, sa'ad da Bayajida ya baro Barno sai da ya biya ta Gaya, maƙeran garin suka ƙera masa wuƙa, da ita ya sare kan macijiyar rijiyar Kusugu. Haka kuma mutanen Kano sun ce Abagayawa, maƙera ne daga Gaya, neman tama ya kawo su gindin dutsen Dala. Ko da wani zai ce wannan hikaya ce, masu tonon ƙasa sun tarar da matoyar narkar da tama a Dala, awo kuwa ya nuna ta kai wajen shekara ta 635 Miladiyya. A Taruga, cikin ƙasar Nok, sun tarar da waɗansu da suka riga haihuwar Annabi Isa da shekaru ɗaruruwa. Ashe ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

A zamanin da, wuƙa ɗaya takan bi ta hannu uku kafin ta kai ɗamarar maharbi. Hannu na farko shi ne na masu narka tama. Da rani sukan fita daji, su haƙa tama, su sare ƙirya su toya gawayinta, gama wutarsa ta fi zafi, ta fi jurewa. Sa'an nan su gina matoya ta yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, su cinna wuta. In ta huce su fitar da curin ƙarfe cuɗe da datti, a kai kasuwa.

Hannu na biyu shi ne na maƙeri. Maƙera iri biyu ne: maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da mashi, su ne kuwa masu wuƙa. Yaro yana zuga, maƙeri ya ɗauko curin nan da awartaki in ya yi ja, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba, yana ninkawa yana maimaitawa, har dattin ya fita, ƙarfe ya haɗe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, in ji Hausawa. Kana ya ja shi, ya fitar da tsini, ya sirantar da bakin, ya bar gadon bayan da kauri domin ya jure kashi, ya kuma bar wutsiyar da za ta shiga ƙota.

Daga nan sai aikin da ke raba gwani da ɗan koyo. A mayar da ruwan wuƙa wuta ya yi ja, a tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya. Ƙarfen da ya sha gawayi sosai, wannan tsomi yakan sa shi tauri ƙwarai, amma ya zama mai saurin karyewa. Saboda haka sai a sake ɗumama shi kaɗan, ana duban launinsa, domin taurin ya sassauta. In an zarce, wuƙa ta yi laushi, ba ta riƙe kaifi. In an gaza, ta ɓalle ran da ta gamu da ƙashi. Bayan haka a goge da magagari, a wasa a dutse, a ƙona ramin ƙota da wutsiyar tana da zafi, a kafa, a ɗaure wuyan da zoben ƙarfe ko tagulla.

Hannu na uku shi ne na baduku. Yakan sami fatar akuya da majemi ya jeme da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, ya ɗinka kube daidai jikin wuƙa, ya sa masa maratayi, ko kuwa zoben da ake zurawa a damtse. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Me ya sa maharbi ya damu da wannan duka? Domin da baka da bindiga kayar da nama suke yi, wuƙa ce ke gama aiki. In ya tarar da barewa ko gada da sauran rai, wajibi ne ya yanka ta da kaifi, ya ambaci sunan Allah, in ba haka ba ta zama mushe. Da ita kuma zai yanke wurin da kibiya mai dafi ta shiga, ya feɗe, ya raba. Wuƙar da ta dakushe a dawa, hasarar yini guda ce.

Tun kafin Turawa su ci ƙasa ƙarfen waje yana shigowa. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ce ruwan takubba wajen 50,000 ke zuwa kowace shekara ta hanyar Sahara, yawancinsu daga garin Solingen, a Kano ake sa musu ƙota da kube. Amma wannan bai kashe matoya ba, gama talaka ba da takobi yake noma ba. Abin da ya kashe ta jirgin ƙasa ne. An ci Kano a 1903, dogo ya iso a 1911, tsoffin ƙarafa suka cika kasuwa da araha. Daga baya maƙera suka gane sifirin ɗin mota ya fi kome kyau ga wuƙa. Sannu a hankali masu narka tama suka watse, 'ya'yansu ba su gada ba. Farauta ita ma ta ƙuntata: a 1916 aka yi dokar tsare namun daji, a 1956 aka keɓe dajin Yankari.

To, a nan ne maganar ta zo kanmu. En'e ta san maƙera, ta san Sarkin Maƙera, malamanta sun rubuta sunayensu da harajinsu shekara bayan shekara, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe littafinta. Amma littafin haraji ba ya faɗin inda aka haƙa tama, ko tsawon matoya, ko launin da gwani ke jira kafin ya tsoma wuƙa. Hannun farko ya riga ya tafi, saura biyu.

Saboda haka muna roƙon kowane hakimi da dagaci da tsohon malamin En'e, ya nemi dattawan maƙeran ƙasarsa tun suna da rai. A tambaye su, a rubuta da sunayen kayan aikinsu da na wuraren tamarsu, a hana nome tsoffin matoyai, a ajiye kwafi ɗaya a fada. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ƙara wa sarakunanmu lafiya da adalci, amin.