Ƙusumbin da ke jan kaya: tarihin kamshaf daga turmin ruwa zuwa Fijon Kakuri

Kawuna yana da wata tsohuwar a-kori-kura, Fijo 504, wadda ta girme ni. Da ita yake ɗaukar masara da siminti daga Unguwar Mu'azu zuwa duk inda aka kira shi, da ita kuma ya biya mini kuɗin jarrabawar shiga jami'a. A damunar bara ta fara sanyin jiki. In babu kaya lafiya lau take tafiya, amma da an ɗora mata buhu goma ba ta tashi sai kuloci ya yi ƙauri. Bakanike ya buɗe inji, ya zaro wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi a jere, ya ce ta cinye. Ɗan kawun, wanda ba ya rabuwa da YouTube, ya ce tunda dai saye za a yi, a nemo irin ta motocin tsere. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka yi boko, me ka gani?" Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu."

Sandar nan ita ce kamshaf, kuma ta girmi mota nesa ba kusa ba. Kusan shekara 2,000 da suka wuce, mutanen Sin suna surfen hatsi da ita: ruwa ya juya dabaran, dabaran ya juya gungume mai turaku a jiki, kowane turke ya ɗaga taɓarya ya sake ta cikin turmi. Dabarar ke nan gaba ɗaya, wato a mai da juyi ya zama ɗagawa da saukewa a kan lokaci. A shekarar 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa na na'urori, inda ya zana sanduna masu irin waɗannan turaku suna motsa abubuwa bi da bi. Da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a Jamus a 1876, sai tsohuwar dabarar ta sami sabon aiki, buɗe bawul da rufe shi.

Bari mu ɗan leƙa cikin silinda. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta ta tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin a gama wannan, kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf kuwa sau ɗaya. Kowane ƙusumbi yana danna bawul guda, kuma siffarsa ce ke yanke abu uku: yaushe bawul zai buɗe, ina iyakar buɗewarsa, yaushe zai rufe. In inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

To a nan rigimar take. Iska tana da nauyi, ba ta tashi nan take, in kuma ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take. A juyi 6,000 a minti, saukar fistin ba ta wuce kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Lokacin ya yi kaɗan, don haka gara a bar bawul ɗin shiga a buɗe har bayan fistin ya fara hawa, saboda iskar da ta riga ta ɗauko gudu za ta ci gaba da cusa kanta ciki. Amma a juyi 1,500, inda mai kaya yake tayar da mota, lokacin ya ninka sau huɗu kuma iskar a hankali take shiga. In bawul ya makara wajen rufewa, fistin zai tura wani ɓangare na abin da ya zuƙo ya koma ta inda ya fito. Kamar mai cika buhu ne ya bar bakin a buɗe yana danna shi daga ƙasa. Abin da ya rage a matse ya ragu, bugun ya yi rauni, ƙarfin murɗa taya ya faɗi.

Wannan ƙarfin murɗawa shi ne abin da direba ke nufi in ya ce mota tana da ja. Ƙarfin doki da ake tallatawa kuwa, ja ne aka ninka shi da saurin juyi, shi ya sa inji zai iya yin dawakai da yawa a takarda amma ya kasa tashi da lodi a gindin tudu. Ƙusumbi mai faɗi yana kai ƙarfin can sama, siriri yana riƙe shi a ƙasa. Ƙarfe ɗaya ba ya yin duka biyun.

Abin da ya ba ni dariya da na shiga tarihin shi ne, kamfanin da ya yi motar kawu shi ne ya koya wa duniya kamshaf ɗin tsere. A 1912 Peugeot ya fito da motar L76, mai kamshaf biyu a saman inji da bawul huɗu a kowace silinda. Georges Boillot ya ci babbar gasar Faransa da ita a shekarar, Jules Goux kuma ya ci ta Indianapolis a Amurka a 1913. Tsarin da ke cikin yawancin ƙananan motocin yau daga nan ya samo asali. Amma da kamfanin ya tashi yin 404 a 1960 da 504 a 1968, sai ya ajiye wannan duka. Ya sa kamshaf guda ɗaya a gefen inji, tana tura bawul ta wasu siraran sanduna. Tsohon yayi ne ko a lokacin, sai dai injin 504 mai lita biyu yana kai ƙololuwar jansa ne a wajen juyi 3,000 kacal, kuma duk bakaniken da ke da sifana zai iya saita shi a gindin bishiya.

Irin waɗannan injina ne suka iso Kaduna. An kafa kamfanin PAN a 1972, masana'antarsa ta Kakuri ta fara harhaɗa motoci a 1975 a zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassan daga birnin Lyon zuwa Kano. Daga baya 504 ta zama motar gwamnati, mai buɗaɗɗen baya kuma ta zama jakin ƴan kasuwar ƙauye. Mutane sukan yaba wa ƙafarta da ƙarfin bodinta, kuma sun yi gaskiya. Ni dai a ganina an manta da ƙusumbin. Motar da za ta tashi da tan guda a hanyar burji, ta lallaɓa cikin taɓo a giya ta biyu ba tare da ta mutu ba, numfashinta aka daidaita da tafiyar hawainiya.

A Amurka kuma labarin ya bi wata hanya. Bayan yaƙin duniya na biyu, matasan Kalifoniya suka shiga sauya injinan motocinsu, wani mai suna Ed Iskenderian ya yi suna wajen sassaƙa ƙusumbi masu faɗi yana sayarwa. Ƙarar nan mai tsalle-tsalle da ake ji a bidiyo in mota tana tsaye, wadda ta burge ɗan kawuna, daga nan take. Ba alamar ƙarfi ba ce. Akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, kuma in an tsawaita shi, hayaƙi yana komowa ya gauraya da sabon mai a ƙaramin juyi, sai inji ya riƙa sarƙewa. Mai yana zurarewa ta salansa bai ƙone ba. Zuƙar da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa ita ma tana raguwa, abin da ba wasa ba ne ga mota mai lodi. Su kansu masu sana'ar a can, in ka ce musu motar ɗaukar kaya ce, ƙusumbin da ke riƙe bawul na wajen digiri 200 zuwa 210 na juyin kiranshaf za su ba ka, a ma'aunin da suke amfani da shi. Na tsere yakan wuce 240.

Injiniyoyi ba su haƙura da wannan zaɓi na ko-wannan-ko-wancan ba. Alfa Romeo ya fara sayar da mota mai kamshaf da ke sauya lokacinta a 1980, Honda ya kawo VTEC a 1989, Toyota ya biyo da VVT-i a 1995. Hilux mai fetur lita 2.7 da ta cika titunanmu tana da shi: kwamfutar mota tana amfani da matsin baƙin mai ta ɗan murɗa kamshaf gaba ko baya gwargwadon gudu da nauyi. Sai dai duk wanda ke jan ƙafa wajen juye, ya sani ƙananan hanyoyin man nan ne ke fara toshewa.

Na koma na gaya wa kawu a sayi irin wadda aka cire sak, a duba lambar inji, kuma kada a ɗora sabuwar sanda a kan tsofaffin tafet, don cinyayyen tafet cikin ɗan lokaci zai cinye sabon ƙusumbi. Bakaniken ya ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan tun farko, ba a saurare shi ba ne saboda ba shi da digiri. Da muka auna tsohuwar, ƙusumbi biyu sun kusa zama da'ira, wato silinda biyu sun daɗe suna numfashi da rabin hanci. Kawu ya tambayi abin da ya jawo haka. Bakanike ya tambaye shi yaushe rabon da ya yi juye. Kawu ya ce zai je ya duba ko an kira sallah.