Yadda aka koyi yi wa irin rake wankan ruwan zafi

Mai shuka ƙwaya yana samun wani rangwame da mai dasa kara ba ya samu. Cututtuka da yawa da suka addabi uwa ba sa bin ƙwaya zuwa sabuwar gona. Gaɓar rake kuwa, wadda ake yankewa a binne domin idonta ya tsiro, uwar ce da kanta aka gutsuro, da ruwan jikinta da duk abin da ke yawo a cikinsa. Shekaru aru-aru manoma suna dasa gaɓa ba su damu ba, domin gonaki ƙanana ne, iri kuma barkatai. Sai da aka fara shimfiɗa iri guda a kan dubban kadada domin ciyar da injinan sukari sannan wannan gado ya zama masifa.

A tsibirin Java na Indonesiya an ji jiki sosai. A farkon shekarun 1880, lokacin mulkin Turawan Holan, wata cuta ta ɓulla a yankin Cirebon. Rake ya daina miƙewa, ya koma gajerun kumbura masu yawan ganye, kamar ciyawar nan mai ƙamshi da ake sa wa a shayi, wadda mutanen wurin ke kira sereh. Sunan da aka laƙaba wa cutar ke nan. Masu gonaki suka lura cewa irin da aka reno a kan duwatsu ba ya kamuwa sosai, sai suka mayar da gandun iri can, ana sauko da gaɓoɓi da tsada mai yawa. Suka kuma kafa cibiyar bincike a Pasuruan a 1887.

Dabarar ruwan zafi ta riga ta samu a wani wuri. A Denmak, wajen 1888, J. L. Jensen ya nuna cewa tsoma irin sha'ir cikin ruwa mai zafi yana kashe cutar da ke baƙanta zangarniya, 'yar'uwar burtuntunar dawa, kuma irin ya tsiro. Masana a Java suka gwada haka a kan gaɓar rake, ta yi aiki. Amma abin da ya kori sereh daga baya wani sabon iri ne mai jure mata, POJ 2878, da aka samar a Pasuruan a 1921, wanda ya mamaye gonakin tsibirin cikin 'yan shekaru. 

Abin da ya ƙara fito da muhimmancin wankan ruwan zafi ya faru ne a Ostareliya. A kakar 1944 zuwa 1945, a yankin Mackay na jihar Queensland, manoma suka ga wani sabon iri mai suna Q28 yana ba su mamaki. Shukar farko ba laifi, amma gyauron da ke tasowa bayan an sare sai ya tsumbure. Ba tabo a ganye, ba ruɓa a saiwa, ba tsutsa. Rake ne kawai gajere, siriri, kamar wanda ƙishirwa ta kama, kuma da yake shekarar ta zo da fari, fari ne abin da kowa zai fara zargi. Wannan ne sharrin cutar: ba ta da fuskar da za a gane ta. Sai an tsaga kara a dubi gaɓa da kyau kafin a ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo ja-ja a inda jijiyoyin ruwa suka toshe.

Masanin cututtukan tsiro D. R. L. Steindl da abokan aikinsa a hukumar binciken rake ta jihar suka tabbatar cewa abin yana yaɗuwa ta ruwan kara, suka kuma samo magani a farkon shekarun 1950: a jiƙa gaɓoɓi cikin ruwa mai zafin digiri 50 a ma'aunin Salshiyas na awa biyu zuwa uku. Tazarar da ke tsakanin nasara da asara siririya ce ƙwarai. Idan zafin ya gaza kaɗan, cutar ta tsira a tsakiyar kara. Idan ya zarce kaɗan, idon ya dahu, an binne gawa. Ko a daidai ma'aunin wasu idanu suna mutuwa, shi ya sa ba a yi wa dukan irin gona wanka. Kaɗan ake jiƙawa, a dasa shi a keɓaɓɓen fili, a riƙa ɗibar iri daga zuriyarsa.

Abin sha'awa, duk wannan an yi shi ne cikin kuskuren fahimta. Kusan shekara talatin ana ɗauka bairos ne. Sai a 1973 aka hango wata siririyar bakteriya a jijiyoyin karan, aka iya renonta a ɗakin gwaji a 1980. Kafin nan an riga an gano cutar a kusan duk ƙasar da ke noman rake, inda ta daɗe tana cin amfanin gona ana ɗora laifin a kan gajiyar ƙasa ko tsufan iri.

Wankan kansa bai isa ba, domin ba ya ba rake kariya daga kamuwa ta gaba. Ba a san wani ƙwaro da ke ɗaukar wannan cuta ba. Adda ce ke ɗaukarta. Sara ɗaya a kara mai ciwo ya isa ya shafa wa na gaba da na gabansa, kuma da injinan girbi suka maye gurbin masu sara, wuƙaƙensu suka riƙa jan cutar layi bayan layi. Saboda haka a Queensland ka'idar ta zama biyu: iri daga fili mai tsabta, sannan a kankare ƙasa da ruwan kara daga wuƙa da inji, a fesa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a tsallaka daga wannan gona zuwa waccan.