Falsafar Soyayya a Ajin Dare: Martani ga Ma'aunin Alan Johnson

A 2006 Alan Johnson, sakataren ilimi na Ingila a lokacin, ya ce gwamnati za ta ƙara zuba kuɗi a koyar da aikin famfo, ta rage tallafa wa azuzuwan motsa jiki da na shirya furanni. Maganar ta karɓu domin ta kasa karatun manya gida biyu, na neman abinci da na kashe lokaci. A 2007 kuma aka sanar da janye fam miliyan 100 daga tallafin masu karatun da bai ɗara digirinsu na farko ba, matakin da ya fi taɓa kwalejin Birkbeck da Open University. A ganina wannan rabo na gida biyu yana da gyara, kuma darasin da ya fi fito da rauninsa shi ne wanda aka fi rainawa, wato falsafar soyayya.

Tarihin karatun manya sananne ne, daga kafa Birkbeck a Landan a 1823 zuwa azuzuwan malami Tawney na Longton da Rochdale a 1908 (Kelly 1962), tsarin da ya iso Ibadan a 1949. Abin lura kawai shi ne, maginan tukwane da ma'aikatan masaƙa da suka zauna gaban Tawney tarihin tattalin arziki suka karanta. Sana'a kuwa da abarsu suka zo.

Hujjar Johnson ba ta banza ba ce. Baitulmali ba ya isar kowa, kuma sau da yawa masu cika irin wannan aji 'yan fansho ne da ma'aikata masu digiri. Da wane dalili za a ɗauki harajin leburan da ɗansa ke zaman kashe wando a biya wa tsohon lauya kuɗin karanta Aflaton? Na yarda babu. Sai dai wannan magana ce ta wa zai biya, kuma maganinta a caji mai hali, a ɗauke wa maras shi. Ba ta ce komai ba game da darasin kansa. A nan ne, ina jin, magoya bayansa suka yi tsalle: daga "ba mu da kuɗi" suka faɗa "ba shi da amfani", ba tare da sun kawo hujja ta biyu ba.

Aristotle ya riga ya ce, a farkon littafinsa na ɗa'a, matashi bai dace da sauraron fannin ɗa'a da siyasa ba, domin bai goge da rayuwa ba. In haka ne, ajin dare ne gidan darasin na asali, na rana ne baƙo. Ɗauki matakalar Diyotima a littafin walimar Aflaton, inda masoyi ke hawa daga son kyawun mutum ɗaya zuwa son kyawu shi kansa. Vlastos (1973) ya soki wannan da cewa siffofi ake so a nan, ba mutumin ba. Ɗan shekara sha tara zai haddace sukar, ya zuba ta a jarrabawa. Matar da ta daɗe tana jinyar miji bayan shanyewar ɓarin jiki, tana juya shi tana ba shi abinci a baki alhali siffofin da ta aura sun tafi, tana da abin da za ta auna Vlastos da shi, wanda malaminta mai yiwuwa ba shi da shi. Ibn Hazm ma, a Ɗauƙul Hamama, kan abin da ya gani da ido ya gina yawancin babobinsa.

Dole a taƙaita da'awar a nan. Ba na cewa ajin yana gyara aure ko rage saki. Wanda ya ce haka ya ba Johnson gari, domin ya amince da ma'auninsa. Iyakar abin da hujja ta ɗauka shi ne, akwai matani da babba ya fi yaro iya yi wa tambaya. Ko wannan ma da sharaɗi: in malami ya saki littafi, ajin zai koma zaman kai ƙarar miji da kishiya. Shi ya sa zan fi son a buɗe da kashi na 9 na littafin Aristotle, inda yake tambaya ko ya halatta a rabu da abokin da ya sauya hali. Ya ce ya halatta in lalacewar ta wuce gyara, amma tsohuwar abota tana da sauran haƙƙi. Nawa ne haƙƙin, bai yanke ba.