Ilimi ne jarin fatake tun zamanin ayari

'Yan'uwa 'yan ƙungiya, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi kakannin da muka gaji sana'ar nan a hannunsu, mu ga da me suka riƙe ta.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Su kai kanwa da turkuɗi da kayan fata, su komo da goro, tafiyar watanni da jakuna. Ba dukiya kaɗai ke sa a bi madugu ba. Shi ya san mashigin kowane kogi, da sarkin da za a yi wa gaisuwa, da hanyar da 'yan fashi ke tarewa. Akwai kuma malamin ayari mai rubuta wasiƙu da riƙe lissafi. Goron kansa sai gwani: a buɗe huhu, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Wanda bai iya ba, asara zai sauke a Kano.

A 1892 yaƙin sarauta ya tarwatsa Salaga. Kasuwa ta mutu, amma fatauci bai mutu ba, domin fatake sun tafi da saninsu Kete-Krachi da Kumasi da Akara, suka kafa zanguna. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda tun yana saurayi ya rubuta littafi kan yadda ake tsara wasiƙa.

Da hanya ta sauya, mai sani ne ya ci riba. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke so, amma manoma da fatake suka auna farashi suka rungumi gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali.

Haka abin yake a sauran duniya. Lambobin da Turawa ke lissafi da su yau, wani ɗan attajiri na Italiya, Fibonacci, ya koyo su wajen Larabawa a Bijaya ta Aljeriya, ya bayyana su cikin littafinsa a 1202. Koriya ta Kudu ba ta da rijiyoyin fetur, kuma a 1953 ta fito daga yaƙi a talauce. Makarantu da koyon sana'a ta riƙe, yau wayoyin Samsung ɗinta ne a shagunanmu.

Mu ma mun ga irin namu sauyin. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020. Kowane karo, wanda ya san canji, ya san doka, yake da littafin bashi, shi ya fi saurin miƙewa. Wanda kuwa ba ya iya karanta rasit, duk abin da aka ce ya biya a shinge shi zai biya.

Takardun kwastan a yau da Faransanci da Ingilishi suke, kuɗi kuma ta waya suke tafiya. Don haka muna kira ga kowa ya riƙa rubuta shige da ficen kayansa, kada girma ya hana shi shiga ajin yaƙi da jahilci. 'Ya'yanmu maza da mata mu ba su allo da boko tare, kafin mu miƙa musu makullin shago.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci nemanmu, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.