Norokko, Sasara da Garinko: Sunayen Jiragen Tsibirin Hokkaido

Kalmar jirgi ta girmi layin dogo a ƙasar Hausa. Kafin dogo ya iso Kano a 1911, jirgi na masu fito ne da masunta. Da abin ƙarfe ya zo yana huci, sai aka ce jirgin ƙasa, aka bar wa na da sunan jirgin ruwa, daga baya na sama ya bi sahu. Kalma ɗaya ta ɗauki kaya uku ba ta gaji ba. Abin da ya sa na tuno da wannan shi ne tsibirin Hokkaido da ke can arewacin Japan, inda masu yawon buɗe ido ke hawa jirage iri-iri, wani bisa dogo, wani a tsakiyar titi, wani rataye da igiya, wani kuma yana fasa ƙanƙara a teku. Na zauna ina neman yadda zan kira su da Hausa, sai na tarar sunayen da masu su suka ba su sun fi jiragen kansu labari.

Na fara da wanda ya fi ba ni sha'awa, wato Norokko. Jirgin ƙasa ne mai buɗaɗɗun tagogi da kujerun katako, wanda aka fara tafiyar da shi a 1989 a gefen fadamar Kushiro, mazaunin wani farin tsuntsu dangin gauraka mai jan tabo a ka. Da gangan yake tafiya a hankali don fasinja ya ƙare wa fadama kallo. Sunan haɗi ne na kalmomi biyu: noroi, wato mai nawa, da torokko, ƙaramin taragon da ake tura kaya da shi a mahaƙar ma'adinai. Torokko ɗin aro ne daga kalmar Ingilishi ta keken kaya, wadda ita ce kuma ta zama tarago a bakin Bahaushe. Bajapane da Bahaushe ba su haɗu ba, amma kowa ya ji kalma ɗaya daga bakin injiniyoyin dogo, ya tausa ta daidai harshensa. Da za a fassara Norokko kai tsaye, sai a ce tarago mai nawa. A ƙasar da ta yi suna wajen jirage masu gudun tsiya, an samu kamfanin da ya rubuta nawa a goshin jirginsa, mutane kuma suna layi don su hau. Ina ganin gaskiyar sunan ce ta sa ya zauna a bakin mutane.

Akwai wani bambanci da mutanen tsibirin ke yi wanda baƙo daga Tokyo kan yi mamakinsa. A Tokyo kowane jirgin ƙasa densha ne, ma'ana keken lantarki. A Hokkaido, musamman a bakin manya, jirgin da ke tafiya tsakanin garuruwa kisha ne, ma'ana keken tururi, ko da yake an daɗe da daina aiki da tururi sai a jirgin nishaɗi irin wanda ke bin layin Kushiro zuwa Shibecha lokacin sanyi. Dalilin a fili yake: yawancin layukan tsibirin ba su da wayar lantarki a sama, da man dizal jiragen ke tafiya, don haka kiran su keken lantarki ba zai dace ba. Densha a wurinsu shi ne ɗan jirgin da ke bin tsakiyar titi a Sapporo da Hakodate, yana tsayawa a fitilar hanya tare da motoci. Wannan kuwa ba mu da suna guda ɗaya nasa da Hausa, domin ba mu da shi a garuruwanmu. Jirgin titi shi ne abin da ya fi kusa, kuma ya yi daidai da sunansa na hukuma a Japan, romen densha, keken lantarki na bisa titi. Jama'a kuwa sun daɗe suna ce masa chinchin densha, saboda ƙarar ƙararrawarsa.

A cikin jiragen titi akwai guda biyu da sunansu ya cancanci a tsaya. Na farko shi ne Sasara, wanda ba ya ɗaukar fasinja. Aikinsa share dusar ƙanƙara daga kan dogo tun kafin gari ya waye, da wasu manyan burusai masu juyawa a gabansa da bayansa. Sasara a asali wata 'yar tsintsiya ce ta tsagaggiyar gora da ake kankare tukunya da ita a madafa, kuma da irin wannan gorar ake yin burusan har yau, domin tana lanƙwasawa ba ta ɓata dogo. Suna ya fito daga madafa ya hau titi. Fitowarsa ta farko kowace shekara labari ce a gidajen talabijin na yankin, kamar yadda ruwan farko yake a wurinmu. Na biyu shi ne Haikara na Hakodate, tsohon tarago ƙirar 1910 da aka gyara don baƙi. Haikara kalmar Ingilishi ce ta doguwar kwalar riga, irin wadda 'yan bokon Japan na ƙarshen ƙarni na 19 suke sawa. Da farko zolaya ce ga mai kwaikwayon Turawa, sannan ta koma nufin ɗan gayu. Hakodate na cikin tasoshin ruwa na farko da Japan ta buɗe wa baƙi a shekarun 1850, don haka sunan ya dace da garin.

Sai wanda ke rataye. A dutsen Hakodate, mai tsayin mita 334, akwai ɗaki mai gilashi da ke hawa kan igiyar ƙarfe, yana kai mutum sama da ɗari ƙololuwa cikin minti uku don su ga fitilun gari da dare. An buɗe shi a 1958, shekarar da aka buɗe irinsa a dutsen Moiwa na Sapporo. Japanawa na kiransa da kalmar aro, ropuwei, amma a dokarsu sunansa sakudo, ma'ana hanyar igiya. Ni dai jirgin igiya zan ce, kuma ina ba masu fassara labarai shawarar su riƙe shi. Na sha jin ana cewa motar kebul, alhali abin ba shi da taya a ƙasa, ba shi da sitiyari. Jirgi ya riga ya saba ɗaukar sabon kaya, igiya kuma kowa ya san ta.

Na ruwa bai ba ni wahala ba, domin jirgin fito tsohon suna ne a wurinmu. Daga 1908 har 1988 jiragen fito ne suka haɗa Aomori da ke babban tsibiri da Hakodate, tafiyar kusan awa huɗu. Ana kiran layin Seikan, kuma yadda aka ƙera sunan abin lura ne. Harafin farko na Aomori yana da wani karatun, sei, na farkon Hakodate kuma ana iya karanta shi kan, sai aka haɗa su. Mai kallon rubutu yana ganin garuruwan biyu a ciki, mai saurare kawai ba zai taɓa ganewa ba. A watan Satumba na 1954 guguwa ta kifar da jirgin Toya Maru kusa da Hakodate, mutum fiye da 1,100 suka rasu, kuma wannan musiba ce ta ƙarfafa niyyar haƙa ramin dogo a ƙarƙashin teku. Da aka buɗe shi a 1988, mai tsawon kilomita kusan 54, ya gaji sunan Seikan. A gabar arewa maso gabas kuwa, a garin Monbetsu, akwai jirgin da ke kai baƙi cikin ƙanƙarar da ke malalowa daga tekun Okhotsk. Yana da wasu manyan ƙarafa masu murɗawa a gabansa da ke hawa kan ƙanƙara su farfasa ta, ƙarar da suke yi a kunnen Bajapane garigari ce, sai aka sa masa Garinko. Mu da muka ce babur da a-kori-kura mun san irin wannan raɗin suna.

Duk waɗannan sunaye na abin hawa ne. Idan aka koma kan allunan tasoshin da suke tsayawa, sai a shiga wani harshe dabam. Yawancin sunayen wurare a Hokkaido daga harshen Ainu suke, mutanen da suka riga Japanawa zama a tsibirin. A harshensu pet kogi ne, nay kuma rafi, shi ya sa garuruwa da yawa ke ƙarewa da betsu ko nai. Wakkanai, inda jirgin fito ke tashi zuwa tsibiran Rishiri da Rebun, rafin ruwan sanyi ne. Rishiri tsibiri mai tsayi, Rebun kuma wanda ke can cikin teku. Shiretoko bakin ƙasa ne da ya miƙe cikin ruwa. Furano, inda baƙi ke tururuwa don ƙamshin gonakin furen labanda, sunansa na nufin wuri mai wari, saboda farar wutar da kogin ke ɗaukowa daga dutse mai aman wuta. Sunaye ne na mutanen da suka san ƙasa da ƙafa da hanci, suna gaya wa matafiyi inda zai sha ruwa da inda zai kauce.

Da gwamnatin Japan ta karɓe tsibirin, sai aka rubuta waɗannan sunaye da haruffan da sautinsu ya yi kusa, ma'anarsu kuwa ta yi nisa, wani lokaci ma aka ɗora suna a inda ba nasa ba. Dutsen da jirgin igiya ke hawa a Sapporo, Ainu suna kiransa Inkarushipe, wurin da ake hawa a hango nesa. Moiwa, ƙaramin dutse, sunan wani tudu ne na kusa da shi, aka yi kuskure aka maƙala wa babban. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin tsohon sunan ya faɗi ainihin abin da dubban mutane ke biyan kuɗi su je su yi a can kowane dare. Shi kansa sunan tsibirin sabo ne. Ezo ake ce masa har 1869. Matsuura Takeshiro, wanda ya yi shekaru yana zagaya shi tare da 'yan jagora Ainu, ya kawo shawarar suna mai kai a tsakiya, wanda ya ce yana nufin mutanen ƙasar a harshensu. Hukuma ta riƙe sautin, ta musanya harafin da na teku, aka samu Hokkaido, hanyar tekun arewa. Su Ainu suna cewa Ainu Mosir, ƙasar mutane.

Dokar 1899 ta tura su noma, makaranta kuma ta koma da Japananci zalla, har harshen ya kusa mutuwa. A 2009 UNESCO ta sa shi cikin waɗanda ke bakin gaɓa, kuma sai a 2019 dokar Japan ta kira su 'yan asalin ƙasa. Yanzu ana ganin kalmominsu a jikin jirage. Jirgin da ke gudu tsakanin Sapporo da Asahikawa sunansa Kamui, kalmar da suke kiran abin bautarsu da ita, sabon Garinko da ya fara aiki a 2021 kuma an ƙara masa Imeru, wato walƙiya. Ina maraba da hakan, amma fenti a jikin jirgi ba ya raya harshe, sai yara sun koye shi. Roƙona ga duk wanda zai rubuta labarin wannan tsibiri da Hausa shi ne, idan ya ambaci Wakkanai ko Shiretoko, ya ƙara layi ɗaya ya faɗi ma'anar sunan da kuma mutanen da suka raɗa shi.